Wata shida a ɗakin yara masu sankarar jini, ga abin da na gani

Mutane sun dame ni da tambaya a WhatsApp wai ya muka ga asibitin da aka yi wa yarona kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wajen ba zan faɗa ba, asibitin koyarwa ne dai a nan Arewa.

Da zazzaɓi abin ya faro, sau uku muna maganin maleriya da taifot a kemis ba sauƙi, sai dasashinsa ya fara jini, sai idonsa na hagu ya kumbura ya turo waje, har da masu cewa sammu ne. Da suka zuƙi ɓargo a ƙashin ƙugunsa suka auna, likita ta zaunar da mu ta ce sankarar jini ce irin wadda ake kira AML, kumburin idon ma ita ce ta taru a bayansa. Tun a nan matar ta burge ni, don ba ta yi mana rufa-rufa ba. Ta ce Malam wannan ba irin ALL ba ce da ta fi yawa a yara, wadda ake shekara 2 zuwa 3 ana bi a hankali, wannan zagaye 4 ne ko 5 cikin kamar wata 6, amma kowane zagaye sai ya kai yaro ƙasa. Ta ce ko a Turai da Amurka kusan biyu cikin uku ne ke warkewa, mu kuma nan ba mu kai can ba. Maganar ta yi min ɗaci amma gara haka.

Magani uku suka haɗa a zagayen farko, sitarabin kwana 10, etoposaid kwana 5, sai daunorubisin, wani jan ruwa kamar zoɓo da aka sa sau 3. Wai kowanne da inda yake kama cutar, wadda ta kuɓuce wa ɗaya sai ɗayan ya tare ta. Ranar da aka fara jan nan fitsarinsa ya koma ja, uwarsa ta fasa kuka, nas ta ce Maman yaro kwantar da hankalinki, launin maganin ne ba jini ba. Kafin nan ma sai da suka yi masa hoton zuciya tunda maganin yana iya taɓa ta. A wannan ɓangaren wallahi ba ni da ƙorafi ko ɗaya, sun san aikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama sa maganin. Kemo ɗin share ɓargo yake yi, mai kyau da marar kyau, sai yaro ya yi sati uku zuwa huɗu ba shi da garkuwa, zazzaɓi na kai 38 a ma'aunin zafin jiki dole a sa masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take ba jira, kuma kamar da gangan, ƙarfe biyun dare abin yake zuwa, a rubuto maka takarda ka je famasi a ce babu, ka hau mashin kana bin shaguna kana buga ƙofa. Sau biyu haka ta same ni. Sai maganar jini. Ledar jini ma da sauƙi, filetilet ɗin nan masu tsayar da zubar jini su ne wahala, ba sa wuce kwana 5 a ajiye, don haka kullum sai ka kawo mai bayarwa, ƴan majalisarmu kaf babu wanda ban kai an ɗiba ba, Allah ya saka musu. Banɗaki kuwa kunya ce, yaran da aka ce ko ɗanyen latas kar su ci saboda cuta, su ne ke haɗa banɗaki ɗaya da famfon da ba ya kawo ruwa.

Akwai wata nas mai tsauri da ke korar ƴan dubiya, har goggona ta kora, ranar na ji haushinta sosai. Yanzu ita na fi yi wa addu'a.

Idon ya sabe tun a zagayen farko, da aka sake auna ɓargo ƙwayoyin cutar sun yi ƙasa da kashi 5 cikin 100, shi ne suke cewa ta kwanta. Likita ta ja kunnena ta ce kwanciya ba warkewa ba ce, kar in ga yana wasa in gudu da shi. Na ga waɗanda suka tafi a daidai nan, wasu kuɗi ne ya ƙare ba son ransu ba, ni ma sai da filina ya tafi kafin mu kai zagaye na huɗu.

In ka tambaye ni ka kai ɗanka, zan ce kai shi, amma ka tanadi masu ba da jini da ma'aunin zafin jiki naka da bokitin ruwa. Mu yanzu duk wata muke komawa awon jini, gashinsa ya fito, kuma zuwanmu na ƙarshe na leƙa banɗakin, famfon na nan yadda na bar shi.