Shagon Baba mai buga takardu da ibid. ɗina goma sha bakwai

Karatun shari'a nake yi a Tawa, memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, kan rikicin gonakin gado ne. Ina hutu a gida Maradi malamin da ke duba aikin ya maido mini shi, ya sha jan bik. A gefen shafi na 23 ya rubuta: "ibid. na wa?"

Wata ƙawata ce ta tura ni wani shago a unguwar Ali Ɗan Tsoho. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyu, fanka mai ƙara, allon ƙofar ya koɗe har ba a karanta shi. Mai wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Shafi dala talatin, alhali maƙwabcinsa dala ashirin yake karɓa. Na so in juya.

Bai ko kalli rubutun sama ba, ƙasan shafi ya nufa, wurin ƙananan bayanai. Ya ɗora yatsa ya ce: "Ɗiyata, kin matsar da sakin layi, ko?" Na matsar kuwa. Ya ce ibid. gajeren ibidem ne, wato "a wuri guda", kuma ba ya nuna komai sai bayanin da ke samansa kai tsaye. Ni kuwa na cusa dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa tushen dokar karkara, tsakanin bayanai biyu. Sai ga maganar wani marubuci ta koma bakin doka! Ya ƙirga irin wannan har goma sha bakwai, ina zaune ina zufa.

Op. cit. ma bai bar shi ba. Marubuci ɗaya, littattafansa biyu na ambata, to "aikin da aka ambata" wanne ke nan? Ya sa gajeren sunan littafi a kowane wuri. Hukuncin kotu kuma ya cire masa op. cit. ya sa préc., wato "wanda aka ambata a baya", yadda masu shari'a da Faransanci suka saba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yadda ya warware supra da infra. Ya ce ai mun san su tun a zaure: in malam ya ce "ƙad taƙaddama", maganar ta gabata, supra ke nan, in ya ce "saya'ti", tana tafe, infra. Cf. kuwa "kwatanta" ne, ni na yi ta sa shi a inda nake nufin "duba". Shekara uku a aji ban riƙe wannan ba.

Aibinsa: sanyin aiki. Ya ce Talata, sai Alhamis bayan la'asar na karɓa, don ba shi da janareto, in wuta ta ɗauke sai a zauna shan shayi. Ga faɗa, yaronsa ya manta ɗigon bayan cit sai da na ji kunya a madadinsa. Ɗinkin bangon ma ba wani abin a zo a gani ba ne, can kasuwa na sake shi.

Shafi 68, jika goma da dala arba'in na biya. Na ce Baba a rage mini arba'in ɗin, ya ce in je wurin maƙwabcinsa.