Sharhi kan daskararren kwaɓin filo: yadda ya yi mini wajen gasa burek na cuku don tarbar baƙi

Daskararren kwaɓin filo, wanda ake sayarwa cikin dogon kwali a sashen kayan sanyi na manyan kantuna, ya cancanci kuɗinsa ga duk uwargidan da take yawan karɓar baƙi, amma da sharaɗi biyu: kantin da aka saye shi ya kasance mai tsayayyiyar wuta, kuma mai girkin ta kasance mai shirya komai kafin ta buɗe ledarsa. Na jima ina amfani da shi wajen yin ƙananan burek na cuku, wato siraran fallayen kwaɓin da aka naɗe cuku a cikinsu, waɗanda ake gasawa a miƙa wa baƙi su motsa baki kafin babban abinci ya sauka, kuma na gamsu cewa amfaninsa mafi girma ba a ɗanɗano kaɗai yake ba, yana cikin damar da yake ba mai gida ta kammala aikinta tun baƙi ba su iso ba, ta yadda za ta zauna a gaisa da ita a natse maimakon ta wuni a gaban kasko.

Filo kwaɓin fulawa ne da ruwa da gishiri da ɗan mai, wanda aka miƙe har ya zama falle-falle masu sirantar da ana iya hango tafin hannu ta bayansu. Girkin ƙasashen da suka taɓa zama ƙarƙashin Daular Usmaniyya ne ya fi shahara da shi. A Turkiyya ana yin burek da baklawa, wani kayan zaƙi, da irin wannan kwaɓi, a Girka ana naɗe cuku a cikinsa a kira shi tirofita, a Masar kuma ana jera shi a tire da niƙaƙƙen nama ko farin cuku a kira shi gulash. Miƙa shi da hannu sana'a ce mai zaman kanta, tana buƙatar faffaɗan tebur da siririn muciyar murji da gwanintar shekaru, shi ya sa ko a waɗancan ƙasashe gidaje da yawa saye suke yi. Wanda nake saya kwali ne mai nauyin kusan rabin kilo, fallayen suna naɗe a cikin leda, an barbaɗa musu sitaci domin kada su manne da juna.

Matsalar farko tana faruwa ne tun a kanti. Filo yana son ya zauna a daskare, a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da yankewa ba. Idan wuta ta ɗauke ya narke, sannan ta dawo ya sake daskarewa, raɓar da ta taru a cikin ledar takan jiƙa sitacin, fallayen su haɗe su zama dunƙule guda, kuma babu dabarar da za ta raba su lafiya bayan haka. Na taɓa samun irin wannan kwali daga wani kanti, kusan rabinsa bai yi amfani ba, gefunan sun manne, tsakiyar kuma tana karyewa. Alamomin suna bayyana ga mai lura: kwalin da ya yi laushi ko ya lanƙwashe, tabon ruwa a jikin takardarsa, ko ƙanƙara mai yawa a cikin ledar. Ina kuma duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, sannan in karanta jerin kayan haɗin. A wannan fanni filo yana da sauƙin sha'ani ga Musulmi, domin yawancinsa ba ya ɗauke da kitsen dabba, sai dai duk da haka karantawa ta fi zato.

Narkar da shi yana buƙatar haƙuri. A sauko da shi daga firiza zuwa firij ya kwana, washegari a fito da shi ya zauna a ɗaki kamar awa ɗaya yana cikin ledarsa a rufe, domin falle mai sanyi ƙwarai yana tsagewa a wurin da aka naɗe shi. Da zarar an buɗe, iska ce abokiyar gabarsa. Wadda ta taɓa murza kwaɓin dubulan a injin taliya ta san yadda siririn kwaɓi yake bushewa idan aka bar shi a fili, to filo ya fi shi siranta nesa ba kusa ba, kuma a lokacin hunturu 'yan mintoci sun isa su mayar da gefunansa ƙamas. Maganin shi ne a shimfiɗa leda a kansa, a ɗora tsumma mai ɗanshi wanda aka matse sosai a saman ledar, a riƙa zaro falle ɗaya ana mayar da rufin. Tsumman kada ya taɓa kwaɓin kai tsaye, domin jiƙa ta fi bushewa ɓarna. Idan falle ya ɗan yage babu damuwa, tunda za a ninka shi, kuma yagewar takan ɓace a cikin ninkin.

A wajen cuku ne aka fi samun bambanci tsakanin burek mai daɗi da wanda baƙo zai ci ɗaya ya ajiye hannu. Girkawa suna amfani da feta, cukun da ake yi da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, a ajiye shi cikin ruwan gishiri aƙalla wata biyu kafin a sayar. Tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta keɓe wannan suna ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka kaɗai, don haka mafi yawan abin da ake samu a kantunanmu farin cuku ne na nonon shanu mai kama da shi, wanda ya fi laushi kuma bai kai shi tsami ba. Dukansu biyu suna yi, amma gishirinsu yana da yawa ga harshen da bai saba ba, musamman ga dattawa da masu hawan jini, waɗanda ba a rasa su a cikin baƙi. Nakan jiƙa shi a madara ko ruwa mai sanyi na kamar rabin awa, in tsane shi, kuma ba na ƙara gishiri ko dunƙulen ɗanɗano a haɗin sam.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne haɗa farin cukun da wagashi, wato cukun da matan Fulani suke yi a arewacin Benin da Togo da Gana da wasu sassan Najeriya, inda ake daskarar da ɗanyar madara da ruwan tumfafiya. Wagashi ba shi da gishiri mai yawa, ba shi da tsami, kuma ba ya narkewa a wuta, don haka yana rage kaifin farin cukun, yana kuma ba haɗin jiki ba tare da ya tsiyayo ya ƙone a tire ba. Sai dai yana riƙe ruwa, dole a matse shi a tsumma mai tsabta kafin a marmasa. Busasshen cukun Nijar, mai faɗi da siranta, wanda Buzaye da Fulani suke yi, bai dace da cika ciki ba saboda taurinsa, ko da yake ɗan dakakkensa yana ƙara ƙamshi. Mozarela kuwa, wani cuku mai narkewa a wuta, tana ba da yauƙin nan da yara suke so, amma tana sakin ruwa, kuma idan ta huce takan yi tauri, shi ya sa ba na barin ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne giram 150 na farin cuku, giram 150 na wagashi, ƙwai 1 domin ya ɗaure su, yankakken faski da na'a-na'a, da ɗan masoro. Attaruhu kaɗan da aka yanka ƙanana yana shiga sosai, kuma baƙina sun fi son mai shi. Haɗin ya kamata ya tsaya a cokali ba tare da ya zuba ba, domin duk ruwan da ya rage a cikinsa zai koma tururi ya jiƙa kwaɓin daga ciki.

Filo ba shi da maiƙon kirki na kansa, don haka man da aka shafa tsakanin fallayen shi ne yake raba su, yake soya kowanne a wurinsa, har su fito garas-garas. A nan soyayyen man shanu ya fi bota, kuma dalilin a fili yake: bota tana ɗauke da ruwa kusan kashi 16 cikin ɗari tare da ɓurɓushin madara da yake saurin ƙonewa ya bar ɗigo-ɗigon baƙi, shi kuwa man shanun da aka soya aka tace ya rabu da duka biyun. Ƙamshinsa yana da ƙarfi, saboda haka nakan gauraya shi da man gyaɗa rabi da rabi, ƙamshin ya fito ba tare da ya danne na cukun ba. Shafawa kaɗan ta isa, da burushi mai laushi, a fara daga gefuna tunda su suke fara bushewa.

Naɗin ba shi da wuya. Ana haɗa falle biyu da mai a tsakani, a yanka su a tsaye gida huɗu, a ɗora cokali ɗaya na haɗi a ƙarshen kowane zire, a riƙa ninkawa kusurwa zuwa kusurwa har ya zama mai kusurwa uku irin na samosa, ko kuma a naɗe shi siriri kamar ɗan yatsa. Kada a ɗaure naɗin da ƙarfi kuma kada a cika shi, domin haɗin yana kumbura ya fasa gefe. A shafa mai a sama, a barbaɗa riɗi ko habbatus sauda, a jera a tire mai takardar gashi da ɗan tazara a tsakani. Tanderun ya riga ya yi zafi a digiri 180, gashin kuma yana ɗaukar minti 20 zuwa 25. A ƙaramin tanderun lantarki, inda wutar sama take kusa da abinci, saman yakan yi ja tun fallayen ciki ba su gasu ba, don haka a sa tiren a tsakiya, a juya shi idan an yi rabin lokaci, kuma a jira launin ya kai na zuma sosai. Burek ɗin da aka cire yana fari-fari zai yi laushi tun kafin ya isa falo.

Inda wannan kaya ya fi burge ni shi ne shiri tun da wuri. Ana iya naɗe burek ɗin gaba ɗaya, a jera su a tire a sa a firiza har su daskare, sannan a juye su a leda a ajiye na makonni. Ranar da baƙi za su zo, ko ma waɗanda suka faɗo ba sanarwa, sai a jera su a daskarensu a tura tanderu, a ƙara kamar minti biyar a kan lokacin gashi. Ba a narkar da su, domin narkewa tana jiƙa su. A lokacin azumi da ranakun sallah, da kuma taron suna inda mata suke shigowa rukuni-rukuni, wannan ya rage mini wahala ƙwarai, babu tsayuwa a kan tafasasshen mai, babu ƙaurin suya a jikin tufafi, kuma kowane rukuni yana samun nasa da zafinsa. A bar su su sha iska minti biyar a kan raga kafin a kai, saboda cukun ciki yana ƙona baki. Sun dace da shayi mai na'a-na'a ko zoɓo marar zaƙi da yawa, kuma ɗigon zuma a saman mai gishiri yana da daɗin da mutum ba zai zata ba sai ya gwada.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai saye ta san su. Kaya ne da ake shigowa da shi daga waje, farashinsa yana bin canjin kuɗi, kuma idan aka haɗa da na cuku, faranti ɗaya ya fi na samosar gida tsada sosai. Garas ɗinsa ba ya daɗewa: bayan awa biyu zuwa uku yakan fara saki, musamman da damina, kuma idan aka rufe shi a kula yana da zafi, tururinsa zai lalata shi cikin ɗan lokaci, saboda haka bai dace da abincin da za a aika wani gida mai nisa ba. Ana iya farfaɗo da shi da minti biyar a tanderu mai zafi, amma na'urar ɗumama abinci ta mikrowef tana mayar da shi kamar roba. Yana kuma zubar da ɓurɓushi, don haka a haɗa wa kowane baƙo ƙaramin faranti.

Na gwada shi da ɗayan daskararren kwaɓin da ake sayarwa kusa da shi, irin na Faransawa wanda aka ninka bota a cikinsa hawa-hawa. Wancan ya fi saurin aiki kuma ya fi kumbura, amma yana son zafin digiri 200 da ɗakin girki mai sanyi, kuma a zafin bazara botar takan narke a hannu tun ba a gama yankawa ba, sai ya ƙi tashi. Fallayen samosa kuwa an yi su ne domin suya, idan aka gasa su sukan yi tauri. Ga ɗakin girki mai zafi, filo ya fi su biyun jurewa, tunda babu abin narkewa a jikinsa.

Wadda wutar unguwarsu ba ta tsayawa kuma ba ta da wata hanyar riƙe firiza, ina ba ta shawarar ta sayi kwali ɗaya kawai ana gobe za ta yi amfani da shi, ta naɗe shi duka a zama ɗaya. Abin da ya rage na fallaye a naɗe shi tam a leda biyu a sa a firij, a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki, kuma gutsattsarin da suka karye ma ba a zubar da su: a cukurkuɗa su a ƙaramin tire da mai da ragowar cuku, a zuba ƙwai da aka kaɗa da madara a kai, a gasa minti 35 zuwa 40, a yanka wa mutanen gida su yi karin kumallo da shi.