Gonar Turai ko ta Benin? Amsa ga Nasiru

Nasiru ya yi tambaya a zauren nan shekaranjiya, na kuma ga amsoshin ba su wuce "Allah ya ba da sa'a" da "ka tafi da ni a jaka" ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: yana aji uku a fannin aikin gona, zai samu hutun wajen wata biyu daga Yuli, ya ɗan tara kuɗi daga albasar rani, yana son ya leƙa wata ƙasa ya ga yadda ake noma ba takin zamani ba feshi. Ya ci karo da tsarin WWOOF na aikin sa-kai a gonakin Turai, wani malaminsu kuma ya ba shi labarin Cibiyar Songhai da ke Jamhuriyar Benin. Wanne zai fi masa? Burinsa, in ji shi, ya rage kuɗin takin da mahaifinsa ke zubawa a fadamarsu ta Bunza, a jihar Kebbi.

Ƙanena, na ɗanɗana duka biyun. Na yi mako shida a wata gona a kudancin Jamus lokacin ina karatu can, bayan na dawo gida kuma na je Porto-Novo, inda cibiyar Songhai take. Bari in jera maka su ka gani.

WWOOF a Ingila aka fara shi a 1971. Wata sakatariya ce a Landan, Sue Coppard, zaman birni ya ishe ta, ta nemi gonar da za ta riƙa zuwa ƙarshen mako ta yi aiki a ba ta abinci da wurin kwana. Har yau tsarin bai sauya ba: ka biya kuɗin rajista na shekara a ƙungiyar ƙasar da kake so, ka duba jerin gonaki, ka rubuta wa manomi, in ya amince ka je ka yi aikin awa huɗu zuwa shida a rana. Ba albashi, ko sisi. Songhai kuwa makaranta ce mai gona, ko in ce gona mai makaranta. Fada Godfrey Nzamujo, limamin Katolika ɗan Najeriya, ya kafa ta a 1985 a kan ɗan fili a Porto-Novo, yanzu tana da rassa har a Savalu da Paraku. Can ɗalibi ake ɗaukarka, kai za ka biya kuɗin horo da na masauki. Sunan daga daular Songhai aka samo shi, wadda Kanta namu, Sarkin Kabi, ya ɓalle mata a farkon ƙarni na 16. Yanzu ga jikan Kanta zai koma ɗaukar darasi, duniya kenan.

Ka ga a takarda na Turai ne kyauta, na Benin na kuɗi. A aljihu kuwa labarin ya juye.

Ni abin ya zo mini da sauƙi ne don ina zaune a Jamus da takardun ɗalibi, jirgin ƙasa kawai na hau. Tsarin dama don irin wannan mutumin aka gina shi, wanda gonar ke bayan gidansa, hutu mai araha yake nema. Kai da za ka taso daga Bunza, kafin ka taɓa ƙasar gonar sai ka biya Yuro 90 na bizar Shengen (bizar shiga galibin ƙasashen Turai), ka yanki inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000, ka nuna takardar banki mai nauyi, ka je Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunka, sannan tikitin jirgi zuwa da dawowa a daidai lokacin da ya fi tsada a shekara. In aka hana ka, kuɗin sun tafi, kuma hanin yana nan a rubuce har shekara biyar in ka sake nema. Ga wani ƙulli da ba a cika faɗa ba: ƙasashe da yawa suna ɗaukar aiki don abinci da makwanci a matsayin aiki, ko da ba a biya ka ba, bizar yawon buɗe ido kuwa ba ta aiki ba ce. Birtaniya, alal misali, ta yarda baƙo ya yi aikin sa-kai na kwana 30 kacal, kuma sai ga ƙungiyar agaji mai rajista, alhali galibin gonakin na mutane ne masu zaman kansu. WWOOF ba ta nema wa kowa biza. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi zai fitar maka da "bizar aikin gona ta sa-kai", ka riƙe aljihunka ka yi gaba. Kada kuma ka yarda wani ya koya maka ƙaryar da za ka yi a ofishin jakadanci.

Benin fa? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, shi ke nan. Mu da muke iyaka da su ta Bagudo, daga Tsamiya ka tsallaka Segbana, ka bi Kandi ka gangara Paraku. Sai dai arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W, ya sha hare-hare a 'yan shekarun nan, don haka ka tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon da za ka tashi, in ba ta yi ba ka zagaya ta Legas ka shiga ta Seme. Kuɗinsu sefa ne, kuma a ɗaure take da Yuro, kusan sefa 656 a Yuro ɗaya, saboda haka faɗuwar naira za ta cije ka a can ma. Amma cizon sauro daban, na kunama daban.

Yanzu aikin kansa, wanda nan ne nake so ka tsaya.

Gonar da na zauna a Jamus ta wata mata ce da mijinta, suna noman dankali, karas, kabeji da latas. Rana ta farko aka kai ni layin karas, tsiron bai wuce tsawon yatsa ba, aka ce in cire ciyawa da hannu, a durƙushe. Na duba hagu da dama ina neman fartanya, babu. Wuni uku ina rarrafe. Wani makon kuma aka ba ni bokiti ina bin dankali ganye-ganye ina tsince wani ƙwaro mai ratsin baƙi da rawaya. In gaskiya kake so, kashi mafi yawa na aikin sa-kai shi ne wannan, kuma ɗan Bunza ba ya bukatar hawa jirgi don ya koyi cirar ciyawa.

Amma akwai abin da na gani da bai bar kaina ba. Kowace safiya matar nan za ta ɗauki wani dogon ma'aunin zafi kamar sanda, ta soka cikin tulin takinta, ta jira, ta rubuta a littafi. In ya kai wajen digiri 60 ta san yana dahuwa, irin ciyawa da ƙwayoyin cuta suna mutuwa. In ya fara sauka, ranar za a juya tulin. Kowane fegi yana da shafinsa: me aka shuka bara, me aka shuka bara waccan, buhu nawa ya bayar. Ba ta taɓa maimaita dankali a wuri ɗaya shekara biyu a jere. Ran Juma'a kuma mu cika akwatuna da kayan lambu, mutanen gari su zo su ɗauka, kuma tun farkon shekara suka biya. Wato manomiya ta karɓi kuɗinta kafin ta shuka. Ka tuna yadda ake yi da mu a kasuwar albasa ta Aliero lokacin kaka, buhu a zube, dillali yana taya shi kamar yana yi maka alfarma.

Sai dai wannan noman kasuwarsa ce ke riƙe da shi. A Tarayyar Turai sai gona ta yi shekara biyu ba sinadari kafin a ba kayan da aka shuka a cikinta tambarin shaida, ana zuwa dubawa, mai saye kuma ya yarda ya ƙara kuɗi saboda tambarin. A kasuwar Jega wa zai ƙara maka naira ɗaya don shinkafarka ba ta ga yuriya ba? Mu ribarmu a nan ita ce buhun takin da ba mu saya ba, da ƙasar da ba ta gaji ba, da lafiyar mai ci. Kar ka manta tun 2015 Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu, mu kuma muka ci gaba da cin abinmu.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce. Tasu baƙa ce mai sanyi, tana riƙe ruɓaɓɓen ganye shekara da shekaru. Da na dawo, da zafina na tara tuli a fili a bayan gidanmu, daidai yadda na gani, cikin watan Maris. Kafin mako biyu rana ta busar da shi ƙayau, gara ta shiga ta ƙasa, awakin maƙwabta suka ƙarasa saman. Wani tsoho da ke wucewa kullum yana kallona, ran nan ya tsaya ya ce, "Ɗana, a nan taki rami ake yi mishi, ƙarƙashin inuwa." Ilimin Jamus ɗin bai yi ƙarya ba, amma sai da na sake fassara shi da harshen ƙasarmu, kuma fassarar ta ci mini shekara.

A Porto-Novo ba sai ka fassara da yawa ba. Abin da suka ginu a kai shi ne kada a zubar da komai. Kashin kaji da ragowar mayanka ana tara su a kiwata tsutsa, tsutsar a watsa wa tarwaɗa. Na tsaya bakin tafkin na ga an zuba, ruwan ya yamutse kamar ranar kamun kifin Argungu. Ruwan tafkin in ya yi kauri a ja shi zuwa lambu. Kashin dabbobi ya shiga rufaffen rami ya ba da iskar gas ta girki, abin da ya rage ya koma gona. Kainuwa, wadda muke tsinewa don ta toshe mana ruwa, su tace ƙazamin ruwa suke yi da ita. Suna da maƙera inda ake ƙera injinan sarrafa amfanin gona, suna da wurin mayar da 'ya'yan itace lemon kwalba. Ina tsaye a wurin ina lissafa abin da muke da shi a gida: buntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bakin injina ana cinna masa wuta, shanun Fulani da ke sauka fadama bayan girbi, ruwa a ƙasa kusa, dogon yaro ko'ina wanda 'ya'yansa ke korar ƙwari. Duk kayan haɗin muna da su, haɗawar ce ba mu yi ba. Tambayar takin mahaifinka a nan amsarta take.

Ka lura da abu ɗaya: Porto-Novo kusa da teku take, damina biyu suke yi, ga laima. Paraku damina ɗaya ce kamar tamu, ta fi kama da Yawuri ko Zuru. In suna karɓar masu gajeren horo a reshen can a watannin da kake so, shi zan zaɓa. Ka rubuta musu tun yanzu ka ji tsawon kwas da kuɗinsa daga bakinsu, ka kuma tambayi sashenku ko za su lissafa maka shi cikin aikin koyon sana'a.

Zaman yau da kullum kuwa, a Jamus cikin iyali za ka zauna, teburi ɗaya. Ka faɗa tun a wasiƙar farko ba ka cin alade ba ka shan giya, ni ba wanda ya ɓata rai. Abincin dare burodi ne da cuku mai sanyi, kwana uku na fara mafarkin tuwo. Kare yana kwana a falo. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, isha ta kai ka sha ɗaya, asuba kuma wajen uku ta yi, ga aiki da safe. Masallacin Juma'a sai na yi tafiyar kusan awa ɗaya. A Benin Faransanci ne zai ba ka wahala a aji, amma a zango Hausa za ka ji, kuma Dandanci da ake yi a Kamba shi ake yi a Kandi. Masallatai ga su nan. Babban na Porto-Novo ma in ka hango shi sai ka rantse coci ne, ginin waɗanda suka dawo daga Barazil. Cewa Fada ne ya kafa cibiyar, ka gaya wa Baba da bakinka, kada ya tsinta a bakin wani.

Ni dai in kuɗin albasar nan nawa ne, Benin za ni. Turai ka bar ta sai ranar da karatu ko wani dalili ya kai ka, sannan ka ɗauki mako uku ka shiga gona, don littafin matar nan da akwatunanta na Juma'a sun isa a je a gani.

Saura magana ɗaya da ba ka kawo ba. Hutun da Bature ke kira na bazara, a wurinmu tsakiyar damina ne. Lokacin da na gaya wa nawa mahaifin a waya cewa ina wata gona ina aiki ba biya, shiru ya yi, can ya ce, "Mutum shi bar gonar ubanai cikin damana, shi tai yi ma wani noma kyauta?" Naka ma zai faɗa. Ka tsaya a gama dashe da noman farko, ka biya ɗan ƙwadagon da zai tsaya a madadinka wajen maimai, sannan ka roƙe shi fegi ɗaya a gefen fadamar, ko taku ashirin ne, wanda za ka yi gwajinka a kai in ka dawo, kusa da nasa, a auna buhu da buhu ranar sussuka.