Bakaniken da ya sa na koma riƙe biro a lambu

Rani uku ke nan ina kai injin ban ruwana wajen wani bakanike a Kura, kuma tunda abokan noma sun dame ni da tambayar ko aikinsa ya kai kuɗinsa, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Gonata tana gefen da kanal ɗin ruwan Tiga bai kai ba, sai dai in ja daga rafi. Tumatir da albasa nake yi, daga Nuwamba har zafin Afrilu. Injin mai inci 3 ne, kansa Honda GX160. Kafin shi na kashe injina biyu, duk bugawa suka yi, kuma laifina ne: ba na yin juye sai na ga mai ya yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya.

Ranar da na fara zuwa rumfarsa, ko sifana bai ɗauka ba ya ce, "Alhaji, awa nawa ya yi tun juyen ƙarshe?" Na yi dariya, na ce Malam, inji ne ko ɗan makaranta? Bai tanka ba. Ya yanko kwalin taliya, ya ja layi uku da biro, ya huda shi ya ɗaure da waya a jikin ƙarfen injin. Ya kuma buɗe wani littafi da maiƙo ya gama cinye bangonsa, ya ba injina shafi guda.

Dabarar ƙirga awa ita ta fi burge ni, don waɗannan injina ba su da agogo. Tankin yana cin lita 3 da ɗan ɗori, yana kuma yin kusan awa 2 in ana aiki sosai. Saboda haka duk sanda yaro ya cika tanki sai ya ja sanda ɗaya a kwalin. Ƙa'idar kamfani ita ce juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100, wato sanda 50. Shi kuwa in hunturu ya kankama, sanda 30 yake cewa a kawo. Na yi ƙorafi, ya ce man da injin ke sha bai fi rabin lita da kaɗan ba, in gwada kuɗinsa da na fistin da ringi.

Sai matatar iska. Wata rana a Janairu ya cire ta a gabana, ya buga sosonta a tafin hannunsa. Jar ƙura ta taru har ta rufe zanen hannun, kwana tara kacal da wanke ta. Ya ce abin da ya wuce nan yana shiga ciki ne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Yanzu duk Juma'a kafin masallaci muke wanke soson da ruwan sabulu, mu shanya, mu ɗiga masa mai kaɗan mu matse.

Inda littafin ya biya kuɗinsa shi ne bara. Ruwa ya riƙa ɗiga ta tsakanin kai da famfo, aka sauya sil, wato abin da ke tare yoyon ruwa a wajen. Bayan sati uku aka sake. Da na koma karo na uku ya duba shafina ya ce ba zai sa sabo ba, asarar kuɗi ce, akwai abin da ke cinye shi. Ya hau bayan babur ɗina muka je gona. Ashe rariyar bakin mesa kwance take a kan yashin rafi tana zuƙa, fankar ciki har ta fara sulɓi. Ga shi kuma yaron nawa, in yana sauri da asuba, sai ya tayar da injin bai cika cikin famfon da ruwa ba, sil ɗin ya yi ta gugar kansa a bushe. Tsohon kwando muka saka rariyar a ciki, muka ɗaure da turke don ta daina taɓa ƙasa. Sil ɗin da ya sa ranar shi ne har yau.

Yana da nasa aibin. Ya fi maƙwabtansa tsada, ba ya kuma sa kayan araha ko ka roƙe shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu layi ne, na taɓa kwana biyu ban ba tumatir ruwa ba saboda jiransa, waya kuwa sai ya ga dama yake ɗauka. Sau ɗaya yaronsa ya sauya mini fulogi bai rubuta ba, muka yi ta musu. Sannan waɗanda suka mayar da injinansu na gas bayan cire tallafin fetur a 2023, lissafin tanki ba ya yi musu, sai dai su duba agogon waya, kuma na ga yawancinsu sun watsar.

In an tashi daga rani, shi ke tsiyaye fetur ɗin kafireta da ruwan cikin famfo kafin in ajiye, ya rubuta ranar. Kwalin bana yana kan sanda 27, don haka ranar Asabar da sassafe zan kai, kafin mutanen Kadawa su cika rumfar.