Runner2 ko Runner3: wanne ya kamata ka fara saya?

Ƙanena, ka ce ka samu kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, kana neman wasan gudu da tsalle mai tafiya da kiɗa, an ambata maka Runner2 da Runner3, kuma kuɗin guda ɗaya ke gare ka. Ka ƙara da cewa a ganinka na ukun zai fi, tunda shi ne na baya-bayan nan. Na buga duka biyun, kuma a gabana suka raba kan ƴan fadarmu gida biyu, don haka saurara.

Uwarsu ɗaya. Wani ƙaramin kamfani ne na Kaliforniya ta Amurka ya yi su, Gaijin Games, wanda ya sake suna zuwa Choice Provisions a 2014. Na farko, BIT.TRIP Runner, ya fito a 2010 a kan na'urar wasa ta Wii, Runner2 ya biyo a Fabrairun 2013, sai Runner3 a Mayun 2018. Jarumin ɗaya ne, CommanderVideo, wani dogon baƙin halitta da ke gudu da kansa ba ya tsayawa. Kai naka shi ne ka sa shi tsalle, ko ya zame ƙasa, ko ya yi shuri ya fasa abin da ya tare hanya, yana tsintar sandunan zinariya. Duk abin da ka yi daidai yana fitar da sauti, sautin kuma ya faɗa cikin kiɗan da ke tafiya. Kana ci gaba kiɗan yana ƙara kauri, kamar a filin kokowa in makaɗi ya fara shi kaɗai sannan ƴan amshi su shigo. Ka yi karo sau ɗaya, a fizgo ka baya. Har mai ba da labari a duka biyun mutum ɗaya ne, Charles Martinet, wanda ya daɗe yana yin muryar Mario.

Inda suka rabu shi ne tsawon hanya da wurin yada zango.

Runner2 duniya biyar gare shi, da matakai sama da 100, kuma gajeru ne. Kafin a juye shayi na biyu ka gama uku ko huɗu. A tsakiyar mataki akwai zango, in ka faɗi bayan ka wuce shi daga nan za ka tashi, ba daga farko ba. Wannan shi ne babban gyaran da aka yi wa na 2010, wanda ba shi da zango ko ɗaya. Abin da ya fi burge ni kuwa, in kana jin kai gwani ne, kana iya tsallake zangon a ƙara maka maki, amma fa in ka faɗi sai farko. Ganganci naka, sakamako naka. Ga kuma mizanin wuya iri uku da za ka zaɓa tun daga fari. Kyamarar da ke nuna maka wasan tana gefe, ba ta cika yawo ba, abin da ke tahowa kana hango shi. Bayan kwana biyu sai ka ga yatsanka ya daina jiran ido, kunne yake bi. Ranar da na fara tsallake jerin matattakala ba tare da na ƙirga ba, sai na tuna yaron da ke rawar kalangu, wanda ƙafarsa ke sauka tare da maganar gangar ba tare da an koya masa ba. A Runner2 in ka faɗi ka san laifinka ne, shi ya sa hannu ke komawa da kansa.

Runner3 duniya uku kawai, matakan kaɗan ne amma dogaye. Kowanne yana da zinariya 100, in ka gama kuma sai a buɗe maka wata hanya mai wuya ta duwatsu masu daraja a cikin matakin nan dai. An ƙara tsalle biyu a sama, an sa abubuwan hawa, kyamara kuma ta samu ƴanci: wani lokaci ta karkata, wani lokaci ta koma bayan jarumi. Hoton ya fi kyau, ba gardama, kuma shirmen da ke bayan fage yana ba da dariya, musamman a duniyar abinci. Akwai baƙi daga wasu wasannin irin su Shovel Knight, har shi Martinet ɗin kana iya gudu da shi.

To a nan aka rabu. Masu ƙorafi, kuma ba a Damagaram kaɗai suke ba, abu biyu suke faɗa. Na ɗaya, zango ya yi nisa: ka yi doguwar tafiya lafiya lau, kuskure ɗaya ya mayar da kai inda ka baro tuntuni. Na biyu, in kyamara ta juya ba ka iya auna tazara, sai ka faɗi a kan abin da ba ka gani ba, ko kayan adon baya su ɗauke maka hankali. Wani abokina da ya cinye Runner2 kaf ya ajiye na ukun a duniya ta biyu, ya ce shi ba a kayar da shi ba, ƙafa aka sa masa. Masu kare shi kuwa cewa suke Runner2 ya lallaɓa mutane da yawa, na ukun shi ya dawo da zafin na 2010, kuma tsallen nan biyu yana ceton wanda ya yi gaggawa. A kan tsallen ina tare da su. A kan kyamara ba na tare da su ko kaɗan, don wasan da aka gina a kan kunne da saurin yatsa bai kamata ya riƙa ɓoye maka rami ba. Kamfanin ma ya ji koken, daga baya ya fitar da gyara mai ba ka damar rage cikas da ƙara zango. Wanda ya saya yau ba zai sha abin da na farko suka sha ba, amma tsawon matakan yana nan.

Sai zancen injinka. Kwamfuta ta hannu ta fi ɗaukar wasan 2013 cikin sauƙi, kuma a irin wannan wasa in hoto ya ɗan sarƙe, ko na ƙiftawar ido ne, ka mutu. Ka tuna da watan Afrilu kuma, lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ke wasan ɓuya da mu, batirin tsohuwar kwamfuta ba ya jiran dogon mataki. Ka nemi abin sawa a kunne mai waya, ka bar na Bluetooth, don sautinsa yana ɗan makara, kai kuma sautin kake bi.

Ni dai Runner2 nake ce maka. In ka kai duniya ta biyar a mizanin wuya na ƙarshe, kana tsallake zango da gangan kuma ba ka jefar da hannun wasa ba, ka zo fada bayan isha'i in ba ka Runner3 a tawa kwamfutar ka gwada kafin ka taɓa aljihunka. Sukarin shayin ranar kai za ka kawo.