Rufin ƙasan mota a Suame Magazine: ya biya kuɗinsa?

Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai nan Kumasi, suna yi wa ƙananan motoci rufin ƙasa don iska ta wuce sumul, shan mai ya ragu. Aikin na da kyau, amma ba ga kowa ba. Turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka mai bin hanyar Kumasi zuwa Accra, kusan kilomita 250, shi zai ga amfani. Ɗan tasi mai rarrafe cikin gari tsakanin Kejetia da Aboabo ya riƙe kuɗinsa.

Wanda ya iya yakan yanko farantin alminiyam mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, daga bamba zuwa bayan injin, ya ɗaure da noti da zobensa na ƙarfe a ramukan da ke jikin motar. Ka duba ya bar ƙofar juye baƙin mai, da tazarar yatsu uku daga salansa. Roba kusa da salansa narkewa take yi. Ɗauri da waya kuma ba ya riƙewa: tudun rage gudu ɗaya zai kwance shi, farantin ya dinga kaɗawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne toshe gaban lagireto don rage turjiyar iska. Dabarar ƙasashen sanyi ce. A zafinmu, cikin cunkoso, injin zai tafasa, gaskit ya ƙone.

Kafin ka biya, sauke kariyar ɗora kaya ta saman mota in ba kaya, ka daidaita iskar taya da adadin da ke rubuce jikin ƙofar direba.