Shafi ya ƙi buɗewa: data za ka ƙara, shariha za ka canza, ko waya za ka saya?

Duk mazaunin Saudiyya ya san rabin hidimar yau ta koma cikin waya. Duba wa'adin iƙama a manhajar gwamnati ta Absher, neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, cike takardar sabunta fasfo a shafin hukumar shige da fice ta Najeriya, babu wanda zai yiwu sai shafi ya buɗe. Ranar da ya ƙi, yawancin 'yan'uwanmu na Sharar Mansur da Karantina waya suke fara ɗora wa laifi. Sai ka ga mutum ya nufi kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu a Jidda, ya dawo da sabuwa dal a kwali, ya shiga shafin, shafin ya sake ƙi.

Kuɗin da ake kashewa kan matsalar nan wurare huɗu yake iya zuwa: ƙarin data, sharihar wani kamfani (wato layin SIM), rauta ta gida (na'urar raba WiFi), ko sabuwar waya. Kowanne da ciwon da yake magani, akwai kuma ciwon da duk huɗun ba su da maganinsa. Rubutun da burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, ta fito da shi a fuskar waya shi ke nuna wanne ne ya same ka, don haka a karanta shi kafin a taɓa aljihu.

In ka ga lamba 404, wayarka ta isa inda aka aike ta, shafin ne babu shi a wannan adireshin, ko an ɗauke shi ko ka yi kuskuren harafi. In 500 ce, ko 502, 503, 504, matsalar tana can wajen kwamfutar da ke riƙe da shafin. An fi ganin wannan lokacin da jama'a suka yi wa shafi ɗaya rubdugu, kamar ranar buɗe rajistar Hajji ko goman ƙarshe na azumi. Ko wayar riyal dubu biyar ce a hannunka, sai dai ka jira ka sake gwadawa bayan Asuba. Haka shafin da hukumar sadarwa ta ƙasar ta toshe: sanarwa za ta fito ta gaya maka, kuma toshewar ta hau kan duk kamfanoni, canza shariha ɓarnar kuɗi ne.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko halala. Gargaɗin da ke cewa haɗin ba shi da tsaro, musamman mai ɗauke da NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, sau da yawa kwanan watan wayar ne ya rikice bayan batir ya mutu. Burauza na gwada ranar da ke cikin wayar da wa'adin takardar shaidar tsaron shafin, in suka saɓa sai ta rufe ƙofa. Ka mayar da saitin lokaci ya riƙa daidaita kansa. In kana da VPN a kunne, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga, kashe shi, don wasu shafukan gwamnati da na banki ba sa yarda da mai shigowa da adireshin wata ƙasa. Alhazai kuma su lura da WiFi na masauki, wanda ba ya barin komai ya wuce sai an cike ɗan shafin shigarsa.

To, a zo kan data, inda aka fi yaudaruwa. Baƙoƙi, wato ƙunshin data da ake saya, da yawa a ƙasar nan kashi biyu ne, akwai data ta kowane amfani, akwai ta dandalin sada zumunta kaɗai. Hajiya za ta miƙo maka waya tana cewa, "Ɗan nan, duba mini, ga WhatsApp na aiki, ga bidiyo na tafiya, amma shafin nan ya ƙi." Ka buɗe manhajar kamfanin ka duba ragowar, za ka tarar jikoki sun cinye kason farko tas, na biyun ne ya rage. Chrome ba ya sha daga wannan kason. Wanda aikinsa cike takardu ne da shiga shafuka, ya zaɓi baƙar da kasonta na kowane amfani ya fi yawa, ko da lambar da aka rubuta da manyan baƙi a talla ta fi ƙanƙanta.

In data na nan amma shafi na ta juyi har ya gaji ya rubuta ERR_CONNECTION_TIMED_OUT, yi gwajin nan kafin ka yanke hukunci. Nemo maƙwabcin da ke amfani da layin wani kamfani, ya kunna maka intanet daga wayarsa, ka buɗe shafin a taka kana zaune a ɗakin da ka saba. In ya buɗe, wayarka lafiyarta ƙalau, shabakarka, wato sabis ɗin layinka, ce ba ta da ƙarfi a wurin. In ya ƙi a taka amma ya buɗe a tasa, zargi ya dawo kan wayar.

Shariha ta biyu tana cikin masu arha a huɗun, kuma a ganina ita ta fi yawan biyan buƙata. Sai dai akwai abin da mai shago ba lallai ya gaya maka ba. Kamfanoni uku ne ginshiƙan shabakar wayar hannu a ƙasar: STC, Mobily da Zain. Sauran a kan turakunsu suke hawa, Lebara a kan na Mobily, Virgin a kan na STC, Salam a kan na Zain. Wanda ya bar Mobily ya koma Lebara don neman ƙarfin shabaka, farashi kawai ya canza. Kuma babu kamfanin da ya fi kowa a ko'ina. Makka gari ne mai duwatsu, layin da ke gudu a Aziziyya yana iya shaƙewa a ɗakin ƙasa cikin lungun Misfala, shi ya sa maganar maƙwabci ta fi ta mai talla. Ka yi rajistar sharihar da sunanka da zanen yatsanka kamar yadda doka ta tanada, kada ka karɓi wadda ke ɗauke da sunan wani. Kada kuma ka bar lambar da ka ɗaura a Absher da banki ta mutu, ta nan lambar sirrin shiga ke zuwa. In ka ƙuduri barin kamfanin, ana iya ƙaura da lambar zuwa wani ba tare da ta canza ba.

Rauta ta mai iyali ce, ko samarin da suka haɗa kuɗi suka kama gida ɗaya. Tun 2019 aka fara 5G a ƙasar, amma kwali mai rubutun 5G ba ya nufin akwai shi a unguwarka, in babu 4G za ta kama. Tambayoyi uku nake so mai saye ya yi. A kulle take da kamfani ɗaya ko tana karɓar kowace shariha? Biya kafin amfani ne ko fatura ce duk wata da yarjejeniyar shekara? Wannan "mara iyaka" ɗin, akwai adadin da in an kai ake rage gudu? Wanda zamansa ya rataya a kan kafili, bai san ko baɗi yana nan ba, ban ga dalilin da zai sa hannu a doguwar yarjejeniya mai tarar fita ba. Intanet ɗin kebul da ake ja har cikin gida ya fi duka tsayuwa, amma sai ginin yana da akwatinsa. In an sayo rautar, a ajiye ta kusa da taga, ba bayan firji ba.

Sabuwar waya tana da ranarta, kuma shekarun Android ɗin ne ke kawo ranar, ba tsagewar gilashi ba. Chrome 119 shi ne na ƙarshe da ya yi aiki da Android 7, sannan daga Chrome 139, a 2025, sai Android 10 zuwa sama. Tsohuwar burauzar ba ta daina buɗewa, sabuntawa ce ba ta samu, shafuka kuma suna ci gaba da sauya gini, sai ka ga maɓalli ya ƙi dannuwa ko rabin takarda ya ɓace. Wayoyi masu Android 7.0 zuwa ƙasa sun ƙara shiga wani hali a 2024, lokacin da Let's Encrypt, wadda ke ba miliyoyin shafuka takardar shaidar tsaro kyauta, ta daina amfani da tsohon sa hannun da suka sani. Firefox, wani madadin Chrome, na tafe da nasa jerin takardun, don haka in ya sauku a wayar a gwada shi tukuna. A kwamfuta ma haka ne, mai Windows 7 ya tsaya a Chrome 109 tun Janairun 2023.

In sayen ya zama dole, RAM, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da waya ke kan yi, za ka duba kafin kyamara. Waya mai giga 2 takan kashe shafi a tsakiyar cike takarda da zarar ka fita duba saƙon lambar sirri, ka dawo ka tarar komai ya goge. Giga 4 ne mafi ƙarancin da zan ba wani shawara. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store, haka waɗanda aka ƙera don kasuwar cikin Sin, saukar da wasu manhajojin a kansu sai da dabara.

Tsakanin sabuwa da ta hannu, bambancin damani ne, wato garanti. Sabuwar da ka saya a shago irin Jarir ko eXtra tana da damanin shekara biyu bisa ƙa'idar ma'aikatar kasuwanci, farashinta kuma ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka adana faturar. Ta Haraj, shafin cinikin kayan hannu, ta fi sauƙi, amma da ka juya baya shi ke nan. In ita za ka ɗauka, kada ka miƙa kuɗi sai ka sa sharihar ka a ciki, ka shiga saiti ka ga lambar Android da idonka, ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud, sannan ka buɗe shafin nan da ya ƙi buɗewa a tsohuwar, a gabansa.